Filter, backdrop-filter, ko dai a gyara hoton tun daga gida?

Duk mai haɗa shafin intanet akwai ranar da zai ci karo da filter na CSS, wato harshen da ake tsara kamannin shafi da shi, kuma daga ranar sai ya ji kamar an ba shi Photoshop kyauta a cikin burawza, layi ɗaya hoto ya koma baƙi da fari, wani layin ya yi dishi-dishi, wani ya ƙara masa haske. Inda gizo ke saƙar shi ne abu ɗaya da kake so ana iya yinsa ta hanya uku ko huɗu, kuma a kwamfutarka duk iri ɗaya za su fito, sai an buɗe shafin a wayar jama'a tukuna bambancin ke fitowa fili, wani ya tafi sumul, wani kuma kana jan shafi yana cijewa wayar na ɗaukar zafi. To bari mu jera su mu ga wanne ya dace da wane aiki.

Shi filter kala goma gare shi: blur, brightness, contrast, drop-shadow, grayscale, hue-rotate, invert, opacity, saturate da sepia, sai kuma url wanda ke kiran filter na SVG, wato tsarin hoton zane da ake rubutawa kamar HTML, in kana son abin da waɗannan goman ba za su iya ba. Asalinsu ma daga SVG ɗin aka ciro su aka sauƙaƙa. Chrome ya fara karɓarsu tun 2012 da -webkit- a gaba, Firefox ya shigo a farkon 2015, Chrome 53 ya cire -webkit- ɗin a 2016, don haka maganar wai ko burawza za ta gane, an wuce wannan. Wanda ya taɓa ganin tsohon rubutun CSS mai ɗauke da progid:DXImageTransform kar ya rikice, wancan filter ne na Internet Explorer, suna kawai suka haɗa, kuma Microsoft da kanta ta watsar da shi tun IE10. Ana iya jera su a layi ɗaya, amma fa a lura jerin yana da tasiri, daga hagu zuwa dama ake aiki da su. Misali in ka rubuta grayscale(1) sepia(1) za ka sami hoto mai ruwan ƙasa irin na da, in ka juya ka sa sepia a gaba grayscale a baya sai na bayan ya wanke launin gaba ɗaya ka tashi da baƙi da fari kawai.

Tambayar da nake ganin ta fi kowace raba gardama ita ce: wannan kwalliyar za ta canza ne ko haka za ta zauna har abada? In haka za ta zauna, gaskiya ban ga dalilin da zai sa a ɗora wa wayar mai karatu aikin da za ka iya yi sau ɗaya a GIMP ko Photopea ko Canva ka huta ba. Filter ba ya rage ko kilobait ɗaya daga nauyin hoto. Ka sa hoto mai megabait biyu ka yi masa blur(20px), mutum zai sauke megabait biyun nan cif da datarsa, sannan wayarsa ta sake wahala wajen lalata hoton da ya biya kuɗi ya sauke. Alhali hoton da za a dusar ba ya buƙatar girma ko kaɗan, ka rage faɗinsa zuwa fiksel 40 ko 50 ka matse shi a Squoosh ya koma WebP, ka miƙar da shi ya cika allo, da kansa zai yi hazo-hazo, in ma ka ƙara masa ɗan blur kaɗan ne don ya goge murabba'an da ke fitowa. Wannan dabarar ce shafuka irin Medium suka yi suna da ita wajen nuna ɗan inuwar hoto kafin na gasken ya iso. Haka shi ma baƙi da fari, hoton da aka cire wa launi tun a gida yawanci ya fi sauƙin nauyi a kan mai launi da aka rufe da grayscale. Ga mu nan da yawancin masu shiga shafukanmu da Tecno da itel da Infinix suke shigowa, da datar da suka saya ta kwana ɗaya ko ta mako, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Amma in abin zai canza, to nan filter ba shi da abokin takara. Hoton kaya da zai ɗan yi haske in an ɗora linzamin kwamfuta a kai, maɓallin da zai koma toka-toka in kayan sun ƙare, hotunan da masu amfani ke ɗorawa da kansu waɗanda ba ka ma san kalarsu ba balle ka gyara, tambarin kamfanoni goma sha da kowa da launinsa kana so su zauna layi ɗaya ba tare da sun yi wa shafin hayaniya ba, duk wannan layi ɗaya ya gama, ba sai ka ajiye kwafi biyu na kowane hoto ba. Babban misali shi ne abin da ake yi a wasu ƙasashen Asiya lokacin makoki, lokacin da Sarkin Tailan Bhumibol ya rasu a Oktoban 2016 shafukan ƙasar da yawa sun koma baƙi da fari, haka manyan shafukan Chaina suka yi ranar 4 ga Afrilun 2020 don jimamin waɗanda korona ta kashe. Ba wanda zai zauna ya sake gyara hotuna dubbai saboda kwana ɗaya, grayscale ake sa wa html gaba ɗaya, washegari a goge layin. Abu ɗaya dai game da linzami, waya ba ta da shi, in ka ce tambari sai an ɗora linzami zai nuna launinsa to mai waya har ya fita toka zai gani, gara ka kulle dokar a cikin @media (hover: hover) ka bar masu waya su ga launinsu.

Wani abu da ya kamata a faɗa da babbar murya: blur ba ya ɓoye komai. Za ka ga an dusar da hoton takardar shaida ko lambar asusu ko amsar jarabawa da CSS wai sai an biya a gani, alhali asalin hoton na nan lafiya lau a cikin burawzar mutum, ya danna Inspect ya cire layin ko ya buɗe hoton a wani shafi shi ke nan. Abin da ba ka so a gani kar ya bar saba, wato kwamfutar da ke ajiye shafin, tun farko.

Yanzu ga wurin da mutane suka fi faɗawa. Kana da babban hoto a saman shafi da rubutu a kansa, kana so hoton ya yi duhu rubutu ya fito, sai ka sa brightness(0.5) a kan akwatin, ka duba ka ga ai har rubutun da maɓallin sun yi duhu tare. Ba kuskuren burawza ba ne, haka filter yake, kamar tsoma riga ne a marina, ba yadda za a yi ka ce aljihu kar ya kama baba, duk abin da ke cikin akwatin, 'ya'ya da jikoki, tare ake zana su a matsayin hoto guda sannan a bi ta kansu. Kuma ba wani filter: none da za ka sa wa ɗan ya kuɓuta. Mafita biyu ce, ko dai ka raba hoton zuwa nasa img ko ::before ka sa masa filter shi kaɗai rubutu ya zauna a samansa, ko kuma ka manta da filter gaba ɗaya ka shimfiɗa baƙin mayafi:

background: linear-gradient(rgb(0 0 0 / .2), rgb(0 0 0 / .7)), url(hoto.webp);

Ni wannan na biyun na fi so nesa ba kusa ba, don ya fi arha wajen zanawa, kuma yana ba ka dama ka sa duhun ya fi yawa a ƙasa inda rubutun yake ka bar sama da haskensa, abin da brightness ba zai iya ba tunda shi ko'ina daidai yake rage wa.

Akwai kuma tarkon da ke cinye wa mutane dare. Da zarar ka sa filter a kan wani akwati, duk abin da ke cikinsa mai position: fixed ya daina bin allo, ya koma bin akwatin. Wato ka sa wa body ko wani babban div ɗan grayscale ko blur, sai ka ga maɓallin WhatsApp ɗin nan da ke maƙale a kusurwar ƙasa ya tafi can ƙarshen shafi, menu na sama ya daina tsayawa, kai kuma kana ta neman matsalar a z-index, wato lambar da ke faɗin wa zai hau kan wa. Shi ma z-index ɗin filter na taɓa shi, domin yana buɗe sabon tsarin jeri a cikin akwatin, ko 9999 ka ba ɗan ba zai tsallake uwarsa, wato akwatin da yake ciki, ba. Ƙa'idar ta ware html kaɗai, shi in an sa masa filter abubuwan fixed na nan yadda suke, shi ya sa masu makoki a html suke sawa ba a body ba. Shi ma backdrop-filter yana da irin wannan halin, menu mai gilashi wanda a cikinsa akwai wani menu na waya mai fixed, sai ka ga na wayar ya maƙale a cikin siririn layin saman ya ƙi buɗewa ya cika allo.

Sai drop-shadow da box-shadow, waɗanda mutane ke ɗauka abu ɗaya ne. box-shadow akwati ya sani, kusurwa huɗu ko zagayen da border-radius ya ba shi, ba ruwansa da abin da ke ciki. Ka sa masa hoton takalmi PNG da aka cire wa baya, sai ka ga inuwa mai murabba'i ta zagaye iska. drop-shadow kuwa yana bin ainihin siffar abin, duk inda hoton ke da jiki nan inuwa za ta bi, kan takalmin, igiyarsa, har ɗan wutsiyar nan ta akwatin saƙo da ake yi da ::after yana haɗawa da ita su fita inuwa guda. To don me ba za a koma drop-shadow kawai ba? Domin ya rasa abubuwa biyu da box-shadow ke da su, ba shi da inset wato inuwar ciki, kuma ba shi da lamba ta huɗu mai faɗaɗa inuwa ko tsuke ta, wadda ita ce ake wasa da ita a fitar da inuwar nan mai laushi da ke ƙasan kati kawai. Sannan lambar dishi-dishinsu ba ma'auni ɗaya ba ne, 10px a drop-shadow ya fi bazuwa sosai a kan 10px a box-shadow, don haka kar ka kwafe lambobin kai tsaye ka yi tsammanin za su yi kama. Jera inuwa biyu ma daban ne, a box-shadow kowace da kanta take, a drop-shadow ta biyun tana yi wa ta farkon inuwa ita ma. Kuma in ka yanke abu da clip-path ka sa masa drop-shadow a wuri guda inuwar za ta ɓace, saboda filter ake fara yi sannan a yanka, sai dai ka sa filter ɗin a kan uwar. A taƙaice dai kati da maɓalli da duk wani mai kusurwa huɗu box-shadow, ba sai an yi shawara ba, tambari da hoton da aka cire wa baya da siffa mai lanƙwasa drop-shadow. In kuma hotunan kayan sun kai ɗari a shafi guda ana jan su, ni dai inuwar zan zana a cikin hoton tun farko.

backdrop-filter shi ne ɗan gayun gidan, kuma shi ne mai tsada. Bambancinsa da filter shi ne ba ya taɓa abin da kansa, abin da ke bayansa yake gyarawa, shi ya sa ake samun menu mai kama da gilashin banɗaki, rubutu tas amma abin da ke wucewa a baya ya dushe. Salon ba sabo ba ne, Windows Vista ta yi shi da Aero, iOS 7 ta dawo da shi a 2013 kowa ya kama, sannan Apple ta sake tayar da ƙurar a 2025 da Liquid Glass. A burawza Safari 9 na Apple ne ya fara a 2015, Chrome bai shigo ba sai siga ta 76 a 2019, Firefox sai 103 a 2022, kuma Safari bai yar da -webkit- ba sai 18 a 2024, ma'ana saboda tsofaffin iPhone ɗin da ke yawo a hannun mutane har yanzu gara ka rubuta layin biyu, mai -webkit- da marar shi.

Tsadar tasa daga ina take? Hoton da aka sa wa blur yana zaune, burawza ta lissafa sau ɗaya ta ajiye. Amma gilashin da ke tsaye a sama ana jan shafi a bayansa, duk motsi sai an sake ɗaukar abin da ke baya a sake dusarwa, kuma allon da ke sabuntawa sau 60 a daƙiƙa bai ba ka ko milisakan 17 cikakku ba a kowane zane. Girman wurin da girman lambar blur su ne ke ƙara nauyin. Siririn menu ɗaya mai blur(8px) yawancin wayoyi za su ɗauka ba gardama. Kati ashirin kowanne da gilashinsa, a bayansu kuma bidiyo na tafiya, wannan kam a wayar da ke da RAM 2GB wulaƙanci ne, shafin zai riƙa tafiya kamar ana jansa da igiyar da ta tsinke, caji na zuba. Kuma abin haushin shi ne sau da yawa bayan katin ba komai ba ne illa launi ɗaya ko hoto da ba ya motsi, wato gilashin ba abin da yake dusarwa, rgba mai ɗan shara-shara zai ba da kusan wannan kamar kyauta.

In dai za ka yi shi, to dole akwatin ya zama ana ganin bayansa, in ka ba shi farin baya cikakke ba za ka ga komai ba kuma wayar na iya shan wahalar a banza. Kar kuma ka yi shara-sharan da opacity, shi har rubutun zai kwashe, launin bayan za ka rage wa ƙarfi. In uwarsa na da opacity ƙasa da 1 ko filter ko mask, gilashin ba zai hango abin da ke bayan uwar ba, nan ma wani wurin ɓata lokaci ne. Sai maganar karatu, wadda ta fi duk waɗannan muhimmanci a wurina: rubutun da ke kan gilashi ba ka san me zai wuce a bayansa ba, yanzu farin hoto anjima baƙi, WCAG kuwa, ƙa'idar sauƙaƙa wa kowa amfani da shafuka, tana neman bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5:1 ga rubutu na yau da kullum, 3:1 ga manya. Ka tuna mutumin da ke tsaye a rana tsaka a bakin kasuwa ya rage hasken allo don caji ya kai shi gida. Don haka ka fara rubuta baya mai kauri, kamar fari kashi 95, sannan a cikin @supports (backdrop-filter: blur(1px)) ka sauke shi zuwa 75 ko 80 ka ƙara gilashin. Ƙasa da haka ado ne kawai na hoton da za a nuna wa mai aiki. Wannan tsarin yana kuma ceton masu Opera Mini a yanayin matse data mai tsanani, inda sabar kamfanin ce ke zana shafin kuma irin waɗannan kwalliyar ba sa isowa.

Canza launin ƙananan alamomi kuma, akwai shafukan da za ka ba su launi su ba ka doguwar sarƙa ta invert da sepia da saturate mai kashi dubu-dubu da hue-rotate, wai ta mayar da baƙar alama shuɗiya. Yana aiki, amma launin kusa-kusa ne ba daidai ba, kuma ranar da mai aiki ya ce a canza launin kamfani sai ka sake komawa neman wata sarƙar. In SVG ne ka saka shi kai tsaye a HTML ka ba shi fill: currentColor ya bi launin rubutu, ko ka yi amfani da mask da background-color, wanda Chrome ya karɓa ba -webkit- tun siga ta 120 a ƙarshen 2023. Guda ɗaya ce a dabarun nan nake riƙewa, brightness(0) invert(1), tana mayar da kowane tambari fari fat, tana da amfani a ƙasan shafi mai duhu.

Haka yanayin dare na gaggawa, wato mayar da farin shafi mai duhu, invert(1) hue-rotate(180deg) a kan html. Minti ɗaya ka gama, amma hotunan mutane za su koma kamar aljanu sai ka sake juya kowane img da video, hoton da aka sa a background kuma ya tsere maka, inuwa ta koma haske, launuka su ɗan kauce don lissafin hue-rotate ba ya riƙe hasken launi yadda ido ke gani. Ga tsohon shafin rubutu zalla da ba wanda zai sake taɓawa, to ba laifi. Sabon aiki kuwa ka yi shi da var da prefers-color-scheme.

Filter na SVG da mix-blend-mode ba zan daɗe a kansu ba. In kana son hoto mai launi biyu irin wanda Spotify ta yi yayi da shi, ko lanƙwasa hoto kamar ruwa, su ne hanya, feColorMatrix da feDisplacementMap na yin abin da goman can ba za su yi ba, sai dai sun fi nauyi kuma Safari ba koyaushe yake fitar da su kamar Chrome ba, url a cikin backdrop-filter ma dangin Chrome ne kawai ke nuna shi. Yawancin lokaci launi biyun nan ma ba canzawa zai yi ba, mun koma maganar farko ke nan.

Saura motsi. Sauya brightness ko grayscale a hankali a kan ƙaramin hoto ba matsala, amma motsa lambar blur daga 0 zuwa 20px a kan babban abu yana sa a sake lissafi a kowane zane, gara ka ajiye kwafin da aka riga aka dusar a sama ka riƙa wasa da opacity ɗinsa, ido ba zai bambance ba. Kar kuma ka watsa will-change: filter ko'ina wai don sauri, kowanne ƙwaƙwalwar waya yake ci. Kafin ka miƙa aiki buɗe DevTools, wato kayan gwajin da ke cikin Chrome, ka rage saurin CPU sau 4 ko 6 ka ja shafin, amma ka sani wannan bai taɓa GPU, wato ɓangaren da ke zana hoto a allo, ba, shi kuwa blur can yake aiki, don haka gwajin gaske shi ne ka ari ƙaramar wayar ƙaninka ko ta mai gadi, ka haɗa ta da kebul ta chrome://inspect, ka cire backdrop-filter ka ja, ka mayar ka sake ja. In ka ji bambanci a yatsanka, rage blur ɗin zuwa rabi ko ka bar shi ga manyan allo kaɗai da @media.